Gilashin da Zan Ɗauki Appa da Shi

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Yau da na dawo daga makaranta Appa, wato babana, ya kira ni shago tun ban cire kayan makaranta ba. Shekarata goma sha bakwai a saman wannan shagon hoto nasa, bai taɓa barina na taɓa akwatin gilasan kyamara ba. Yau shi ya buɗe da kansa, ya jera guda huɗu a kan tebur, daga gajere zuwa dogo.

"Karanta min lambobin," in ji shi.

Na karanta. Talatin da biyar. Hamsin. Tamanin da biyar. Ɗari da talatin da biyar.

"Na ƙarshen Dogo sunansa. Kada ki gajiyar da bakinki da lamba."

Ya zaunar da ni a kujerar masu hoto, ya ɗauke ni da kowanne. Da mafi gajartar sai da ya zo dab da hancina. Da Dogo kuwa ya yi ta ja da baya har ya jingina da ƙofa, kuma duk da haka saman kaina ya yanke. Ya nuna min su a kwamfuta. A na farko hancina kamar dankali, kunnuwana sun ɓace, haɓata ta tsuke. A na ƙarshe fuskata ta yi faɗi, kunnuwa biyu duk sun fito.

"Wacce ce ke a ciki?"

Na ce ban sani ba.

"Duka ke ce. Gilashi bai canza miki fuska ba, Yesol. Inda na tsaya ne ya canza ta. Aikin gilashi kawai ya gaya wa mai hoto inda zai tsaya."

Na rubuta wannan a bayan littafin lissafi. Ya ce ranar Asabar zan raka shi aiki. A cikin rabin awa sau uku ya nemi kujera ya zauna. Ban tambaye shi komai ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, bakwai da rabi na safe

Omma, mamata, ta huda wa Appa sabon rami a bel. Na biyu ke nan a watan nan.

Asabar, 19 ga Oktoba, biyar na yamma

Mun je zauren tsofaffi na bayan kasuwar kifi. Kowace shekara a lokacin kaka Appa yana zuwa ya ɗauke su hoton tsawon rai kyauta. Haka ake kiransa. Ana cewa wanda ya yi shi da wuri yakan daɗe a duniya. Kowa ya san inda ake kafa hoton daga ƙarshe, a tsakiyar fararen furanni, amma ba mai faɗa.

Mun rataya labule mai ruwan toka. Appa ya ɗaura Tamanin da biyar, ya auna taku uku daga kujera, ya manna tef a ƙasa. Sai ya miƙo min kyamarar ya koma gefe ya zauna.

Tsofaffin suka yi caa.

"Malam Gil, yarinya za ka ba mu? Mun yi araha ke nan?"

"Idonta ya fi nawa," in ji shi.

"To murya fa? Tunda ta shigo ban ji ta yi tari ba ma."

Wata da ta sha jan baki ta ce, "'Yan mata, ki cire min shekara ashirin, in ba ki jikana. Ma'aikacin gwamnati ne."

Ta bayanta ta ce, "Jikan nan naki da ya fi ki sanƙo?"

Suka yi ta dariya. Ni kuwa kunnuwana kamar an sa wuta. Appa ya riƙa gaya min a hankali: Tamanin da biyar shi ne na fuska. Bai yi kusa har ya kumbura hanci ba, bai yi nisa har mutum ya kasa jin ki ba. Ki saita a kan idon da ya fi kusa da ke. In ido ya fito, an yafe miki sauran.

Mutum goma sha tara na ɗauka. Da muke naɗe labule, mai jan bakin ta kama hannun rigar Appa ta dube shi sosai. Ta daina dariya. Ta ce, "Kana cin abinci kuwa?" Ya ce matarsa ce ta sa shi rage ƙiba. Ta saki rigar. Ta cusa min lemo huɗu a jaka.

Lahadi, 20 ga Oktoba, uku na rana

Omma ta ce in duba mata hoton Appa mai kyau, wai don wata takarda. Na sauko da kundin hotuna goma sha huɗu. Akwai ni a zanen goyo, ni ranar shiga firamare, Omma a bakin teku, kakata Halmoni ranar da ta cika saba'in. Rabin garin nan yana cikin kwalayenmu. Shi babu. Kullum yana bayan kyamara.

Abin da na samu: na katin shaida tun kafin a haife ni, da na aurensu wanda kansa bai fi ƙwayar wake ba, da wani da hannunsa kaɗai ya fito a madubi.

Halmoni ta same ni a tsakiyar kundayen. Ta ce me nake nema. Na ce aikin makaranta ne. Ita aka gaya wa gyambon ciki ne ke damun ɗanta. Ta daɗe tana kallon na madubin. Sai ta ce in tattara, ƙura tana sa ta atishawa.

Talata, 22 ga Oktoba, bakwai na yamma

Appa da Omma sun tafi asibitin birnin Busan da bas ɗin farko, sun dawo da na biyar. Omma ta wanke kwanukan da na riga na wanke. Appa ya ci cokali uku na kunun shinkafa. Ban tambaya ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, shida da rabi na yamma

Appa ya ce, "Ranar Litinin za su ba ni gado a asibiti. Kafin nan za ki ɗauke ni."

Na ce to. Ina goge tebur, ban ɗago ba.

"Da wane gilashi?"

Na ce Tamanin da biyar, shi ne na fuska.

"Na fuskar da take da nama. Dube ni."

Na dube shi. Na daɗe ban yi hakan ba. Kumatunsa sun shige ciki, hancinsa ya fito, wuyan rigarsa ya yi masa yawa har yatsa biyu za su shiga.

"In kin matso kusa, hanci zai zo gaba, kumatu su gudu baya, in ƙara tsukewa. In kin ja nesa fuska takan buɗe, ta cika. To?"

Na ce Dogo.

"Dogo. Ba na so mutane su zo su ga ƙwarangwal su kasa cin miya."

Bai ce mutane su zo ina ba. Na ɗauko abin awo. Kujera tana bukatar taku biyu daga labule don kada inuwa ta faɗi a kansa. Daga kujera zuwa ƙofa mita biyu da rabi. Dogo yana son uku da rabi in ana so kafaɗu su shiga. Na auna sau biyu, lissafin bai canza ba. Sai dai a buɗe ƙofa in tsaya a titi.

"To a titi," in ji shi. "Lahadi da safe, in kakarki ta tafi gidan wanka."

Juma'a, 25 ga Oktoba, lokacin cin abincin rana a makaranta

An raba sakamakon jarrabawa. Na zo ta huɗu. Ban san wa zan nuna wa ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

An yi.

Halmoni ta fita da kwandon wankanta ƙarfe takwas. Omma ta taimaka masa ya sa baƙar kwat, ta cusa tawul a kafaɗun daga ciki don su tsaya. Daga nan ta hau sama, ta ce shinkafa za ta ƙone. Babu shinkafa a wuta.

Na kafa mariƙin kyamara mai ƙafa uku a kan titi. Igiyar fitila ba ta kai can ba, don haka Appa ya ce mu yi da hasken ƙofa, in buɗe bakin gilashin har ƙarshe. Ya gargaɗe ni: in aka buɗe Dogo haka, abin da ke fitowa tar bai fi faɗin yatsa huɗu ba. Gaba da haka dishi-dishi, baya da haka dishi-dishi. Kuma tsohon gilashi ne, da hannu ake murza shi.

Na leƙa. Gaskiyarsa. Ta cikin Dogo ya koma kusan Appan bara.

Na ce ya ɗan sauke haɓa. Ya ce, "Me?" Na sake faɗa. Ya ce, "Ba na ji! Ke da kyamarar kike magana ko da ni?" Mai busasshen kifi ta fito ƙofarta da tsintsiya. Mai gyaran keke ma ya fito. Ban taɓa ɗaga murya a titi ba tunda nake. Na ce, "Appa, sauke haɓa!" Har tantabaru suka tashi. Ya yi dariya. Na murza, na saita a idonsa na hagu, ya fito tar, har ina ganin ƙofa a cikin ƙwayar.

Sai na ji muryar Halmoni a bayana. Ta manta sabulu.

"Wannan labulen na san shi."

Appa ya ce da mahaifiyarsa, "Omoni, na fasfo ne."

"Fasfo. Kai da ko jirgin ruwan tsibirin Jeju ba ka iya shiga sai ka yi amai. Ina za ka?"

Mai tsintsiya ta koma ciki ta ja ƙofa.

"Nawa shekara goma sha ɗaya yana cikin kabad yana jira. Kai ka ɗauka. Ni ce a gaba a layi, Manho. Wa ya koya maka tsallake layi?"

"Omoni."

"Rufe min baki." Ta ajiye kwandon a ƙasa. Na ɗauka za ta fizge labulen. Amma sai ta tsaya kusa da ni a titi, ta ce, "Dube shi ya lanƙwashe kamar jatan lande. Miƙe bayanka! Matso gaba, ka zauna kamar ɗan mutane!"

Ya miƙe, ya matso. Ta ce da ni, ba tare da ta dube ni ba, "Ke kuma me kike jira?"

Na danna sau biyar. Ba na gani sosai a lokacin.

Na kai masa, ya duba a ɗan allon bayan kyamara, ya riƙe shi nesa da idonsa don tabaransa yana sama. Ya ce, "Ka ga mutum. Dogo bai taɓa ba ni kunya ba." Halmoni ta ɗauki kwandonta ta tafi wankan. Ba ta ɗauki sabulun ba.

Litinin, 28 ga Oktoba, shida na yamma

Sun tafi. Na rufe shagon, na manna takarda: an rufe na ɗan lokaci. Shi ya rubuta ta tun jiya.

Talata, 29 ga Oktoba, biyar na yamma

Na buɗe a babbar kwamfuta don in aika wa Kawu Pyo, abokin Appa da ke wanke mana manyan hotuna.

Kunnensa ya fito tar. Ana iya ƙirga gashin da ke bayan kunnen. Idon kuwa kamar an shafa masa mai.

Duka biyar.

Da Halmoni ta ce ya matso, ya matso. Ni ban sake murzawa ba. Yatsa huɗu ya ce. Ya gaya min. Na ma rubuta.

Laraba, 30 ga Oktoba, bakwai na yamma

Na je wurin Kawu Pyo bayan makaranta. Ya ƙara girman hoton, ya rage, ya ƙara. Ya cire tabarau ya murza idonsa.

"A ƙarami zai wuce. A girman da ake bukata, duk mai ido zai gani."

Na ce ba ya gyaruwa?

"Zan iya sa inji ya zana masa ido. Amma idon wani ne zai zama, ba na Manho ba. Shekara talatin muna faɗa da shi a kan irin wannan. In na yi masa haka, sai ya taso ya..." Ya turo min kwalin madarar ayaba. "Ki gaya masa, Yesol."

Da yamma Appa ya kira. Muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Pyo ya gani?" Na ce ya gani. Ya ce, "Ya ji haushi ko? Bai taɓa iya Dogo ba." Na ce e.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bakwai na safe

Ban gaya masa ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, shida na yamma, a cikin bas

Na je asibiti da kyamara da gilasai uku a jakar makaranta, da kwat ɗinsa a naɗe a ƙarƙashin littattafai. Ban fito da komai ba.

Gado shida ne a ɗakin. Nasa yana jikin taga. Na ƙirga tayil ɗin ƙasa a ɓoye: tsakanin gadonsa da na kusa bai kai mita ɗaya ba. Barandar waje kuwa doguwa ce, Dogo zai sake a cikinta. Na tambayi nas ko ana iya fitar da shi a keken marasa lafiya. Ta dubi Omma. Omma ta dubi taga.

A kwana biyar ya ƙara canzawa. Ba zan rubuta yadda ba.

Ya ci cokali biyu.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, bakwai na yamma

Na koma. Ina shiga ya dubi jakar ya ce, "Littafi ba ya ƙara irin wannan in an ajiye shi. Tun jiya nake ji. Me ya faru?"

Na tsaya. Na dubi jakar.

"Ido ne?"

Na gyaɗa kai.

"Ina ya faɗa?"

Na ce kunne.

Ya rufe ido. Na ɗauka fushi ne. Ashe dariya yake ƙoƙarin yi, tana yi masa ciwo. "Kunne. Za a zo a rusuna wa kunnena." Sai ya ce, "Ni ma na yi. Hoton auren 'yar shugaban masunta. Amarya dishi-dishi, agogon bango tar. Fito da kayan."

Omma ta ce, "Baban Yesol, ba yau ba. Ka bari ka ji ƙarfi."

"Yau ne nake da ƙarfin."

Na ce zan tsaya a ƙarshen gado in ɗauke shi a jingine, Tamanin da biyar zai shiga. Ya ce a'a. Mutumin da ke kwance, ko an ɗaga masa kai, hoto ya san a kwance yake. Sai ya zauna a bakin gado, ƙafa a ƙasa, taga a gefensa. Mu biyu muka ɗaga shi. Ba shi da nauyi. Omma ta sa masa farar riga da kwat a kan wandon asibiti, ta ja labulen gado ta bayansa ta riƙe.

Babu wurin tsayawa. Mai gadon kusa, wani tsohon masunci da ake kira Tsoho Ma, yana ta kallonmu. Ya janye ƙafafunsa ya ce, "Hau nan, 'yan mata. Shekara goma rabon da mace ta hau gadona." Matarsa da ke ɓare masa lemo ta kwaɗa masa a gwiwa. "Tsohon banza, da robar fitsari a jikinka."

Na cire takalmi na hau, na durƙusa, bayana a jikin ƙarfen gadon. Na gwada Tamanin da biyar. Daga gira zuwa haɓa kaɗai ya shiga. Na gaya masa.

Ya ce, "Hamsin ke nan."

Na ce Hamsin zai tsuke shi.

"Na sani. Ni na koya miki. Ja baya iyakar iyawarki, ki bar fili a gefe, Pyo zai yanke. Kada ki ɗauko daga ƙasa. Daidai ido."

Ya sa Tsoho Ma ya riƙe farin tawul ta gefen da babu haske. Tsohon ya ce, "Haka? Ni ma a yi min bayan naka, amma a sa min gashi."

Da Hamsin babu inda zan ɓuya. Ina jin numfashinsa. Ina jin warin magani. Ban bukaci ɗaga murya ba, ko raɗa na yi zai ji. Ya dube ni kawai. Na murza, na saita, na danna. Na sake murzawa kafin kowace dannawa. Sau uku. A na huɗu Omma ta saki labulen ta tare shi.

Da ya kwanta ya ce in kawo, in kawo da tabarau. Na ƙara girman idon. Ya duba. Sai ya ce in mayar da shi duka fuskar. Ya daɗe.

"Haka na koma?"

Babu madubi a ɗakin. Ban yi tunanin wannan ba. Da na yi, da ban nuna masa ba.

Tsoho Ma ya naɗe tawul ɗin.

Sai Appa ya miƙo min kyamarar ya ce, "Ido ya fito. Wannan za ki kai wa Pyo."

Omma ta ce, "Wancan fa? Ka yi kyau a wancan."

"Ba ni da ido a wancan. Shekara ashirin da shida ban taɓa miƙa wa mutum hoto marar ido ba. Ba zan fara da kaina ba."

Talata, 5 ga Nuwamba, shida da rabi na yamma

Omma ta dawo ɗaukar kaya. Ta same ni a shago, ta ce in buɗe mata duka biyun. Na Hamsin ba ta bari ya daɗe ba, ta ce in rufe.

Ta ce, "Yesol, saurare ni. Mutane daga nesa suke tsayawa su rusuna. Ga furanni a tsakani, ga hayaƙin turare. Wa zai ga ido? Ni kuwa zan zauna da hoton nan har ƙarshen rayuwata. Ba na so in riƙa ganin ɗakin nan."

Na ce Appa ya ce.

"Appanki mai hoto ne. Ni matarsa ce."

Sai ta ce ba sai an yanke yau ba, akwai lokaci. Ta faɗi haka sau biyu.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, biyar na yamma

Na tambayi Halmoni. Tana yanka kabeji ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni ban ga ko ɗaya ba, kuma ba zan gani ba. Wanda ya danna shi ya sani."

Ta yanka kabejin mutum huɗu.

Asabar, 9 ga Nuwamba, shida na yamma, a cikin bas

An mayar da shi ɗaki shi kaɗai. Ɗakin da faɗi. Tamanin da biyar zai shiga a sake. Na ƙirga tayil ɗin, ban san don me ba.

Barci ya yi har na taho.

Talata, 12 ga Nuwamba, sha biyu na rana

Malama ta leƙo ana tsakiyar darasin tarihi ta ce in taho da jakata.

Talata, huɗu na yamma

Kawu Pyo ya kira wayar Omma, ta miƙo min. Muna cikin ofishin masu zauren zaman makoki, ana tambayarta irin furanni da yawan kwanon miya. Ya ce mutane za su fara zuwa ƙarfe shida, awa ɗaya yake bukata. Ya ce, "Duka biyun suna gabana. Wanne?"

Omma ta daina magana da mutumin. Ba ta juyo ba, amma ta daina.

Na ce, "Na Hamsin."

Ya ce, "Ban ji ba, Yesol."

Na sake faɗa da ƙarfi.

Omma ta ce da mutumin, "Ɗari da hamsin. Miyar nama." Muryarta ba ta canza ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba, biyar na yamma

Kawu Pyo ya sa shi a baƙin firam, da baƙin ƙyalle biyu daga sama zuwa gefe. Bai taɓa fuskar ba. Labulen asibitin kawai ya mayar ruwan toka.

Tun jiya muke tsaye muna zaune. Mutum ya shigo, ya kunna turare, ya rusuna sau biyu ga hoton, sau ɗaya gare mu. Ƙafafuna sun kumbura.

Wani ƙanin Omma ya ce a wurin cin abinci, bai san ina bayansa ba, "Mutum mai shagon hoto, a rasa wanda za a kafa sai wannan? Wa ya zaɓa?"

Tsofaffin zaure sun zo su bakwai. Mai jan bakin yau ba ta sa ba. Ta matsa har jikin furannin, ta daɗe. Ta ce, "Ya rame." Sai ta ce, "Amma wa yake kallo haka?" Ba ta jira amsa ba.

Omma tana tsaye gefe da hoton, fuskarta ga ƙofa. In za ta sa turare sai ta dubi hannunta. Kwana biyu ba ta ɗaga ido ta dube shi ba ko sau ɗaya. Ni ma ba ta dube ni sosai ba. Ta dai ce in ci abinci.

Ban san ko na yi daidai ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, uku na rana

A al'ada namiji ne ke riƙe hoton mamaci ya shige gaba ranar jana'iza. Mu ba mu da shi. Suka fara maganar wani ɗan baffa da ya zo daga Daegu, wanda sau biyu ya taɓa ganin Appa. Halmoni ta ce, "Ba wa yarinyar safar hannu." Farar safar da mai riƙe hoto ke sawa ke nan.

Hoton ya fi yadda na zata nauyi. Ana riƙe shi a ƙirji, fuskar tana kallon gaba.

Motar gawa ta biya ta titinmu don ya yi sallama da shago. Mai busasshen kifi da mai gyaran keke suna tsaye a ƙofofinsu. Na sauka, na shiga da shi, na zaga a hankali kamar yadda aka ce in yi: tebur, kwalaye, kujera. Da na juyo zan fita, Omma tana tsaye a bakin ƙofa. Ƙofar ƙarama ce. Ba hanyar wucewa, ba kuma inda za ta kai idonta.

Taku ɗaya ne tsakaninmu. Ta dube shi. Na ga idonta yana tafiya a kan fuskar, daga sama zuwa ƙasa, ya koma sama ya tsaya. Direba ya danna oda sau ɗaya, wani ya hana shi.

Ta ce, "Wuyan rigar ya karkace."

Ta sa yatsa biyu a kan gilashin firam ɗin tana ƙoƙarin gyarawa. Na ji turin a ƙirjina. Ta yi ta yi.

Ni ban gani ba. Ina bayansa.